Nutson Marida

Talata, 10 ga Oktoba, ƙarfe biyar na yamma

Jirgin ruwa ya sauke mu a Pireyas, tashar Atina, da hantsi, ni da Marida. A kwandon kifi na ɗauko ta, na shimfiɗa mata tsohon bargo, don ƙafafunta na baya ba su motsa ba tun ranar Lahadi. 'Yata Nomiki ta tarye mu da mota. Ta dubi kwandon, ta dube ni, ta ce, "Baba, ka ci abinci?" Daga nan ba ta ƙara tambayar komai ba, Allah ya yi mata albarka. Ita ta ba ni littafin nan, wai in riƙa rubuta abin da likita ta faɗa saboda mantuwa. Ni da na haddace kowane dutse daga tsibirinmu Kalimnos har Bangazi, yau ni ake miƙa wa littafi.

Marida ba karyata ba ce, ta yayana Themelis ce. Shi a cikin gida da sanda biyu yake tafiya, a waje kuma sai keken guragu, shi ya sa kullum da safe nake biyawa in ɗauke ta mu gangara bakin tasha. Shekara shida muna haka. Ranar Lahadin ma haka muka gangara.

Likitan dabbobi na tsibirinmu ya ce ƙashin baya bai rabu ba, lakar ciki ce ta bugu ta kumbura, a kai ta Atina wajen wata likita mai tanki. Na gaya wa Themelis mota ce ta buge ta. Ya ce, "Ka dawo min da ita a kan ƙafafunta, Ƙarami."

Shekarata saba'in da uku, har yau Ƙarami nake.

Laraba, 11 ga Oktoba, bayan la'asar

Na ga abin da ido, kuma gani ya kori ji.

Likitar sunanta Areti, siririya, ko Nomiki ta girme ta. Ta sa hantsaki ta matse yatsan ƙafar Marida na baya. Marida ta waiwayo ta harare ta. Likita ta ce, "Tana ji. Wannan ita ce igiyar da muke riƙe da ita, Barba Nikitas. Ban yi maka alkawarin komai ba." Barba take ce min, wato baffa a yarenmu.

Ta kai ni ɗakin. Tanki ne na ƙarfe, fari, kwance, da tagogi uku masu zagaye irin na jirgi. Ta ce kumburin ya matse ƙananan hanyoyin jini, lakar tana shaƙewa. A cikin tankin za a cika iskar oksijin zalla, a danna ta da nauyi har ta narke cikin ruwan jiki, ta kai inda jini ya kasa kaiwa. Sau biyu a rana a kwanakin farko, don su ne komai. Ta ce nauyin kamar na mita goma ne a ƙarƙashin teku.

Na ce, "Gaba biyar da rabi ke nan."

Ta ɗago ta dube ni. "Ka yi nutson ciro soson teku?"

"A'a. Mai riƙe wa masu nutso igiya ne ni."

Suka cire mata abin wuya, suka fesa wa gashinta ruwa, suka kwantar da ita a kan farin ƙyalle. Ƙofa ta rufu, iska ta fara huci. Wannan hucin na san shi kamar muryar uwata. Na manna goshi a taga. Sai ga Marida ta yi hamma, ta haɗiye yawu, ta sake yin hamma. Kunnenta take buɗewa, kamar yadda muke yin wata guda muna koya wa sabon mai nutso da zagi da ranƙwashi. Wa ya koya mata? Na tsaya baki sake, tsigar jikina tana tashi. Karya tana kwance a gaba biyar da rabi, a tsakiyar gari, kusa da shagon gyaran taya, ko tafin ƙafarta bai taɓa teku ba.

Da ta fito na kama kaina ina laluben taba a aljihu. A jirgi haka ake yi, mutum ya taso a cire masa kwalkwalin tagulla a sa masa taba a baki. In ya zuƙa lafiya hannu bai yi rawa ba, to teku ta sake shi. Na gaya wa likita, ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ba ni wata takarda ta ce dokokin tanki ne, in karanta. Na ninke na sa a aljihu, tabarauna yana can tsibiri.

Minti goma sha biyar ta ɗauka tana sakin iskar kafin ta buɗe ƙofa. Daga gaba biyar da rabi kawai.

Alhamis, 12 ga Oktoba, ƙarfe shida

Nutso biyu. Ƙafafu shiru. Minti goma sha biyar, duk sau biyun, na duba agogo.

Jumma'a, 13 ga Oktoba, tsakar rana

Dole in rubuta wannan.

Matata Kalotina ta saka min ƙaramar kwalba a jaka ranar da za mu taso, man fitilar cocin Waliyyi Nikola, mai tsaron mutanen teku. Da safe na zauna na shafe bayan Marida da shi, daga wuya har bindi, na murza ƙafafun sosai yadda na ga manya suna yi. Ta lumshe ido tana jin daɗi. Na ce yau kam an haɗa ƙarfi biyu.

Likita ta ɗora hannu a bayanta za ta ɗauke ta, sai ta tsaya cak. Ta dubi tafinta, ta shinshina.

"Me ka shafa mata?"

Na gaya mata.

Fuskarta ta yi fari fat. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi min sauƙi. Ta ce, "Barba Nikitas, iskar da ke cikin tankin nan abincin wuta ce. Mai a gashi, da tartsatsi ɗaya wanda ido ma ba ya gani, shi ke nan. Da na rufe ƙofar nan, da ko ƙashinta ba za ka kai wa ɗan'uwanka ba. Ba ka karanta takardar ba?"

Na ce, "'Yata, mu haka muke yi wa wanda inji ya buga, wato wanda ciwon nutso ya shanye wa jiki. A shafe shi da mai, a binne shi cikin yashi mai zafi har wuya."

Ta ce, "Ya warke?"

Na goge sauran man da ke tafina a wando.

Sau uku suka wanke Marida da sabulun wanke-wanke. Yau babu nutso, gobe sai an duba. Kwana guda cur daga cikin kwanakin da ta ce su ne komai. Garin neman gira na kusa rasa ido, kuma wa ya sani ko ban riga na rasa ba.

Jumma'a, ƙarfe huɗu

Nomiki ta karanta min takardar. Layi na biyu ne. Na biyu.

Asabar, 14 ga Oktoba, da yamma

An koma nutso. Likita ta shinshine Marida daga kai har bindi kafin ta yarda, sannan ta shinshina hannuwana ni ma. Na cancanta.

Themelis ya kira.

"Ta ci?"

"Ta ci."

"Kai fa, tsohon banza?"

"Na ci."

"Wai da gaske ne karnukan Atina nutso suke yi? Kalotina ta gaya min, na ce ko ta fara shan giyar coci."

Na kwatanta masa tankin, da tagogin, da hamma. Na ji numfashinsa ya canja. Ya tambayi zurfi, na faɗa. Ya ce wannan ai wankan jarirai ne. Sai ya ce, "A minti nawa suke taso da ita?"

Na ce layin ba shi da kyau, ba na jin sa.

Litinin, 16 ga Oktoba, ƙarfe uku

Shiru. Ina matse mata mara da hannu ta yi fitsari, likita ta koya min. Marida takan kau da kai in ina yi, ni ma na kan kau da nawa.

Nomiki ta ce maƙwabcina ya kira, wai a-kori-kurata tana nan a bakin tasha inda na bar ta, ta tare hanyar masu ƙanƙara, makulli a jiki. Na ce su tura ta teku.

Talata, 17 ga Oktoba, bayan la'asar

Shekaranjiya aka kawo wani karen farauta da maciji ya sara a fuska. Kansa ya kumbura, ido babu, baki a buɗe. Maigidansa, ƙato mai gashin baki, yana kuka kamar an yi masa mutuwa. Yau na ga karen yana leƙen wata kyanwa da ido biyu, yana neman rigima. Iska kawai. Ba allura na gani ba, ba wuƙa ba. Abin da ya lanƙwasa mazan tsibirinmu ɗari-ɗari, shi aka kama aka sa a tanki aka ce yi magani, kuma yana yi. Na yi alamar gicciye a gaban tankin kamar a coci, ban ji kunya ba.

Da na dawo gida kuma sai haushi ya turnuƙe ni. Na karnuka. An yi shi har na karnuka.

Laraba, 18 ga Oktoba, ƙarfe goma na safe

Bindi ya motsa. Sau ɗaya, da ta ji ƙamshin kifin sardin. Nomiki ta ce iskar taga ce. Ba iskar taga ba ce.

Alhamis, 19 ga Oktoba, da yamma

Yanzu sau ɗaya a rana ake yi. Ina zaune a bakin taga, likita tana kallon allurar agogon tanki, sai na ji bakina ya tambaya.

"In da an sa mutum a irin wannan a ranar da abin ya same shi fa?"

"Wace shekara?"

"Alif ɗari tara da saba'in. Gaɓar Libiya, kwana huɗu daga gida."

"Zurfi?"

"Gaba talatin da biyar."

Ta yi lissafi a ranta, na ga girarta ta ɗaga. Ta ce a lokacin ma akwai irinsu na mutane, amma nesa da inda muke. Na ce da ya tashi? Ta ce, "Ni likitar dabbobi ce, Barba. Ban sani ba. Wataƙila."

Wataƙila. Na taho da kalmar nan a bas kamar na haɗiyi ƙaya.

Shekarar Themelis ashirin da biyar a lokacin, ba wanda ya kai shi kwaso soso a jirgin, ba kuma wanda ya kai shi rawa a tsibiri. Ni ke riƙe da igiyarsa da agogon yashi, ina juyawa ina kiran minti da ƙarfi kowa ya ji. Aikin ke nan, ba wani abu ba: ka ƙirga, ka kira, lokaci ya yi ka taso da mutum sannu-sannu. Uwarmu ce ta roƙi kyaftin ya ba ni igiyarsa, wai jini ba ya sakaci da jini. Abin da ya faru tsakanin kira da kira ba zan rubuta ba. Ya zuƙi tabar sau ɗaya ta faɗi daga bakinsa. Muka kai shi gaɓa, muka shafe shi da mai, muka binne shi a yashi. Ni na haƙa ramin. Yana kallona har rana ta faɗi, bai ce komai ba, kuma har yau bai ce ba.

Asabar, 21 ga Oktoba

Shiru.

Litinin, 23 ga Oktoba, ƙarfe biyu

Yatsun ƙafar hagu sun naɗe da aka sosa. Na dama kamar tsumma. Likita ta sa ɗamara a ƙarƙashin cikinta ta ɗaga ta, ƙafafun suna jan ƙasa ta bayan yatsu. Na san wannan jan. Na fita waje na tsaya wajen mai gyaran taya har suka gama.

Laraba, 25 ga Oktoba, bayan la'asar

Likita ta zaunar da ni, har da ba ni kofi, na san ba alheri. Ta ce tankin ya kusa gama nasa. Talata mai zuwa ne nutso na ƙarshe, abin da ya rage na jiki ne da lokaci. In ba ta miƙe ba, akwai ɗan keke mai taya biyu da ake ɗaura wa karnuka, suna gudu da shi suna murna. Ta nuna min hoto a waya.

Na ce, "Akwai keke ɗaya a gidan. Ba zan kai na biyu ba."

Na tambaye ta ko kwana gudan da na ɓata ne ya jawo. Ta ce ba wanda zai iya cewa e, ba wanda zai iya cewa a'a. Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba ko ta tausayi, shi ya sa nake ganin girmanta, shi ya sa kuma wani lokaci nake jin kamar in jefa ta a teku.

Alhamis, 26 ga Oktoba, ƙarfe biyar

Themelis ya kira sau uku. Ban ɗauka ba.

Asabar, 28 ga Oktoba

Biki a gari, 'yan makaranta na fareti da ganguna. Na rufe taga. Ya kira sau biyu.

Litinin, 30 ga Oktoba, tsakar rana

Ya zo.

Mutumin da tun shekarar saba'in ɗin nan bai sake taka abin da ke yawo a kan ruwa ba, ko kwalekwalen zuwa Telendos, tsibirin da ke maƙwabtaka da mu, ba ya shiga, shi ne Kalotina ta turo daga cikin jirgi da safen nan, da hular biki a kansa. Nomiki ta sani ta ɓoye min. Ta rungume shi tana cewa, "Baffa, ya teku?" Ya ce, "Tana nan da halinta."

Marida ta ji muryarsa tun daga matakala. Ta jawo jiki da ƙafafun gaba har bakin ƙofa, tana wani kuka da ban taɓa ji ba. Ya sunkuya ya kama kanta da hannu biyu. Na shiga kicin na buɗe famfo.

Da mata suka fita sayen burodi ya kira ni.

"Zauna, Ƙarami. Ka tsufa."

"Themelis, motar nan da na ce..."

"Kana tsammanin Kalimnos Amurka ce? Mutum goma sha biyu ne a shagon kofi ranar, duk sun ga a-kori-kurarka ce ta buge ta. Kafin ka kai ta wajen likita har an zo an ba ni labarin iri uku." Ya gyara hularsa. "Ba wannan ya kawo ni ba. Na zo ganin tankin ne. Kuma in ka sake ƙin ɗaukar wayata sai na fasa maka kai da sandar nan."

Talata, 31 ga Oktoba, ƙarfe shida na yamma

Likita ta gaishe shi, ya kama hannunta ya ce, "Ke ce kyaftin?" Ta shinshina hannunsa kafin ya taɓa Marida, ya dube ni, na kau da kai. Aka tura kekensa har bakin tagar tsakiya. Da iska ta fara huci ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ga hamma, ya yi dariya ƙasa-ƙasa, ya ce, "'Yar gidanmu ce." Kusan sa'a guda idonsa yana kan tagar. Ina kallon fuskarsa a gilashin, kamar yaro a ranar bikin Ista.

Saura kaɗan a fara taso da ita ya ƙwanƙwasa tagar da farce, sau uku, irin jan igiyarmu na "ina nan". Marida ta ɗago. Ta ja gaba ta nufi tagar. Sai ƙafar hagu ta shigo ƙarƙashinta. Ta dama ta biyo, a karkace, yatsu a naɗe, sannan suka baje a kan ƙyallen. Bayanta ya ɗaga yana rawa. Ta tsaya.

Ta faɗi. Ta sake tashi.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji kaina ina cewa, "Buɗe, likita, buɗe, fito da ita," har na kai hannu ga ƙofar. Sai na ji an damƙe min wuyan hannu. Shekara saba'in da takwas, amma hannun wanda ya yi rabin ƙarni yana tafiya da hannu ne, na ji har ƙashi.

Ya ce, "Sannu-sannu, Ƙarami. Bar ta ta taso sannu-sannu."

Likita ta murɗa abin sakin iska, allura ta fara sauka. Ya ce mata, "Minti nawa, kyaftin?" Ta faɗa masa. Ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa. Ni kuwa ƙasa nake kallo.

Sai ya juya hannuna, agogona ya fuskance ni.

"Ƙirga mata," in ji shi. "Da ƙarfi, in ji."

Muryata ba ta fito ba a na farko. A na biyu ta fito. Na kira uku, na kira huɗu, da jan murya irin na jirgi, a ɗakin likitar dabbobi, Kalotina na share ido da gefen gyale. Marida tana tsaye tana faɗuwa tana tashi, hancinta a gilashi. Ban tsallake ko ɗaya ba. Na kira goma sha biyar, allura ta kwanta, ƙofa ta buɗe.

Taku huɗu ta yi, a karkace kamar mashayi, a na biyar ta zube da kai a kan takalminsa. Ya sa hannun hagu yana shafa kunnenta. Na dama kuwa yana nan a wuyan hannuna, bai sake ni ba.